3.2 Hanyar Tallata Littafi da Tasirin Ingilishi a Hausar Marubuta

A wannan sashe za a duba yadda hanyar da littafi ke bi ya isa hannun mai karatu take shafar irin Hausar da marubuci ke rubutawa, musamman ta fuskar cuɗanyarta da Ingilishi. An ɗauki karkarar arewacin Jihar Kano, wato yankin Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi, a matsayin ma'auni, saboda yanki ne mai yawan jama'a wanda Hausa ce harshen gida da gona da kasuwa a cikinsa.

Littattafan da suka fito daga gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, sun bi ta hannun masu gyara a Zariya kafin a buga su. Wannan tsari ya ɗore har zamanin kamfanin NNPC da aka kafa a 1966. Daga tsakiyar shekarun 1980 al'amari ya sauya. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya samar da ɗimbin masu iya karanta boko, tsadar takarda kuwa ta sa kamfanoni suka ja baya. Sai marubuci ya zama shi ne mai gyara, shi ne mai kai wa maɗaba'a, shi ne ɗan talla. A haka Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino kuma a 1991. Wannan ne adabin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano.

Abin lura shi ne yadda waɗannan littattafai suke isa ƙauye. 'Yan koli ne ke saro su daga birni su baza a kasuwannin mako, wani a saya, wani a karɓa haya. Idan littafi ya shiga gida, galibi mace ɗaya mai boko ce za ta karanta a bayyane, saura suna sussuka ko saƙar faifai suna saurare. Ke nan kunne ne alƙalin littafin. Kalmar da kunne bai sani ba tana tsai da labari.

A nan ya kamata a bambanta abubuwa biyu. Na farko shi ne aron kalma, wanda ba laifi ba ne. Kalmomi irin su burodi da bokiti da tebur da likita daga Ingilishi suka zo, amma sun bi ƙa'idar Hausa. An saƙa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, an ba su jinsi, an yi musu jam'i: mota mace ce, jam'inta motoci, kamar yadda likita ya ba da likitoci. Tsohuwa a Makoɗa ba ta jin baƙuncinsu. Na biyu shi ne aron ginin jimla, kuma shi ne mai illa, domin kalmomin duk Hausa ne amma tunanin na Ingilishi ne. Alal misali, marubuci ya ce "ta faɗa cikin soyayya" maimakon "sonsa ya kama ta", ko "ya karya mata zuciya" maimakon "ya yaudare ta", ko kuma "a ƙarshen rana" inda Bahaushe zai ce "daga ƙarshe". Wanda bai yi boko ba, idan ya ji "a ƙarshen rana", almuru zai ɗauka ake nufi.

Bayan shigowar wayar salula a 2001, da yaɗuwar intanet daga baya, talla ta bar kasuwa ta koma waya. Marubuciya kan saki babi-babi kyauta a Facebook ko Wattpad ko WhatsApp, idan labari ya ɗauko daɗi sai ta ce a tura kuɗi kafin a ga sauran. Babu shakka wannan ya buɗe ƙofa ga matan da ba su da jarin buga littafi. Sai dai masu ba ta amsa nan take mafi yawansu 'yan makaranta ne, don haka takan zuba musu jimlolin Ingilishi sukutum a bakin taurarinta don nuna wayewa. Ga kuma gaggawar fitar da babi kullum, wadda ba ta barin a sake duba rubutu. Haruffa masu lanƙwasa kan salwanta, har ƙafa ta koma kafa, ƙare ya koma kare, a kuma haɗe "ya ce" ta zama kalma guda.

Duk da haka kunne bai bar alƙalanci ba. Yawancin waɗannan labarai ta hanyar sauti suke isa karkara, ko dai a rediyo ko a YouTube ko a katin waya da ake turawa a shagunan caji. Mai karantawa a bayyane shi ke mai da lanƙwasar da ta ɓace daga ma'anar jimla, amma idan ya iso kan jimlar Ingilishi, ko dai ya tsaya ya fassara ko ya wuce mai sauraro ya rasa abin da aka ce.