Ƙarfin Ƙafar Keke Yana Ga Wayoyinta

Duk mai zuwa ofis ko makaranta a kan keke ya kamata ya san cewa wayoyin nan da ke haɗa cibiyar ƙafa da bakinta su ne ke riƙe da nauyinsa. Galibin ƙafafu suna da waya 32 ko 36. Tsofaffin kekunan Raleigh na Ingila kuwa 32 ne a gaba, 40 a baya, inda nauyi ya fi yawa.

In za ka ɗaura da kanka, sai ka zaɓi wayar ƙarfen da ba ya tsatsa, mai kaurin milimita 2, tsawonta daidai da tsohuwar. Ka riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan kana zagayawa har ɗaurin ya daidaita. Wayar da aka bari sako-sako ita ce ke karyewa a lanƙwasarta, ta bar mutum a hanya.