Yadda Za a Zaɓi Takalmin Hawan Babur Mai Sauƙin Kuɗi

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya bakin titi da safe a Zariya ko Sakkwato ko Maraɗi, ya dubi ƙafafun masu wucewa a kan babur, zai ga da yawa daga cikinsu silifa suke sanye da ita. Malamin makaranta ne, ko ɗan kabu-kabu, ko manomi mai kai buhu kasuwa, duk tafiyar ɗaya ce. Tun da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano a Nijeriya a farkon shekarar 2009, jama'a suka san muhimmancin kare kai. Ita kuwa ƙafa, wadda ta fi kowace gaɓa kusa da kwalta da inji da salansa, ba kasafai ake maganarta ba. Wannan maƙala za ta bayyana abin da ke samun ƙafa idan babur ya faɗi, da abin da bincike ya gano, sannan ta nuna wa mai karatu yadda zai zaɓi takalmin da zai kare shi ba tare da ya yi wa aljihunsa illa ba.

Ƙirar ƙafar ɗan Adam

Jikin baligi yana da ƙasusuwa 206. Daga cikinsu, 26 suna cikin kowace ƙafa daga idon sawu zuwa yatsu, wato 52 ke nan a ƙafafu biyu, kusan kashi ɗaya bisa huɗu na ƙasusuwan jiki duka. Yawancinsu ƙanana ne, jijiyoyi suka ɗaure su wuri guda. Tudun nan biyu da muke kira idon sawu ƙarshen ƙasusuwan ƙwauri ne guda biyu, kuma in mutum ya shafa zai ji fata ce kawai ta rufe su, babu tsoka. Haka ma gaban ƙwauri. Wannan ne ya sa rauni a wurin yakan kai ga ƙashi nan da nan, ya kuma daɗe bai warke ba. Ga mai ciwon sukari abin ya fi tsanani, domin ƙaramin rauni a ƙafa yana iya zama gyambo.

Abin da ke faruwa idan an faɗi

Masana kimiyyar fiziya sun tabbatar cewa ƙarfin da ke tattare da abu mai gudu yana ƙaruwa ne fiye da yadda gudun ke ƙaruwa. Idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin zai ninka sau huɗu. Mahayin da ke gudun kilomita 50 a sa'a yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, kuma in ya bugi abu tsayayye a wannan gudu, tamkar ya faɗo ne daga tsayin mita 10. In bai bugi komai ba, sai jikinsa ya ja a ƙasa har gogayya ta cinye wannan ƙarfi, kuma abin da ya fara taɓa kwalta shi zai sha gurzar.

Haɗarin da ƙafa ke fuskanta iri huɗu ne. Na farko shi ne gurzar kwalta, wadda ke cin fata kamar yadda dutsen wasa wuƙa ke cin ƙarfe. Na biyu dannewa, domin ƙananan baburan da aka fi hawa a garuruwanmu sun kai kilo 100 ko sun ɗara, kuma in babur ya kwanta, ƙafar da ke wannan ɓangare ita yake faɗa wa. Na uku murɗewa, wadda ke jawo targaɗe ko gocewar ƙashi ko karaya. Na huɗu ƙunar salansa, wadda zafinta ya zarce na tafasasshen ruwa nesa ba kusa ba. Silifa ba ta hana ko ɗaya daga cikin huɗun nan, hasali ma ita ce ke fara fita daga ƙafa.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 1981, wani masani mai suna Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka ya fitar da rahoton binciken haɗurran babur 900 da suka auku a yankin birnin Los Anjeles. Ya gano cewa, in aka ware kai da wuya, kusan rabin raunukan da mahaya suka ji daga cinya ne zuwa tafin ƙafa. Ya kuma gano cewa rabin haɗurran sun auku ne a gudun da bai wuce kilomita 35 a sa'a ba, wato gudun cikin gari.

A shekarar 2011 kuma, Liz de Rome da abokan aikinta a ƙasar Ostareliya suka wallafa sakamakon nazarin mahaya 212 da suka yi haɗari. Sun ga cewa takalmin babur mai ɗauke da makari ya rage yiwuwar raunin ƙafa da idon sawu da kusan rabi. Abin da ya fi amfani ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne, ko takalmi mai dogon wuya na gama-gari, wanda muka fi sani da but, shi ma ya rage raunin da kimanin rabi idan aka kwatanta shi da sau-ciki ko kambas. Ma'ana, babban amfanin yana samuwa ne da zarar an rufe idon sawu da abu mai ƙwari, ko da ba mai tsada ba ne.

Karanta alamar inganci

Ƙasashen Turai suna da ma'aunin gwada takalmin babur mai lamba EN 13634. Takalmin da ya ci gwajin yana ɗauke da tambari a cikinsa mai hoton mahayi a kan babur. A bugun ma'aunin na shekarar 2017, akwai lambobi huɗu a ƙarƙashin hoton, kowace 1 ce ko 2, kuma 2 ta fi 1. Ta farko tana nuna tsawon wuyan takalmin, ta biyu juriyar gurza, ta uku juriyar yanka, ta huɗu ƙarfin tafin takalmin idan aka matse shi ta gefe da gefe. A gwajin gurza, dole ɓangaren da ya fi fuskantar kwalta ya jure daƙiƙa 5 a mataki na 1, ko daƙiƙa 12 a mataki na 2, kafin ya huje. A gwajin matsa kuwa, mataki na 1 yana jure abin da ya yi daidai da nauyin kilo 100, mataki na 2 kimanin kilo 150. In an ga haruffan IPA, akwai makarin idon sawu da aka gwada. IPS na ƙwauri ne. WR kuma yana nufin ruwa ba ya shiga da sauƙi. Ga mai zirga-zirgar cikin gari, mataki na 1 ya wadatar. Sai dai a sani, tambari abu ne mai sauƙin bugawa a kan jabun kaya, don haka kada a dogara da shi shi kaɗai.

Gwaji biyar da za a yi a kasuwa

Da farko a dubi tsawo. Wuyan takalmin ya rufe idon sawu, ya wuce shi da faɗin yatsu biyu ko uku. Na biyu, a riƙe gaba da hannu ɗaya, diddige da ɗaya hannun, a murɗa kamar mai matse wanki. In ya murɗe cikin sauƙi, haka ƙafar da ke cikinsa za ta murɗe. Na uku, a matse tafin ta gefe da gefe, a kuma danna wurin yatsu da bayan diddige da babban yatsa. Bai kamata su lotsa ba. Na huɗu, a duba haɗin tafi da fata. Wanda aka ɗinke ya fi wanda aka liƙa da gam kawai, domin zafin rana da na inji suna sassauta gam. Na biyar, a sa takalmin, a ɗaure, a sa wani ya ja shi daga diddige. In ya zame ya fita, to a ranar haɗari ma zai fita.

Yana da kyau a je saye da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a kuma gwada da safar da za a riƙa sawa. In da hali a hau babur da shi, a tabbatar gaban takalmin hagu yana shiga ƙarƙashin giya, na dama kuma yana jin birki. Tafin ya zama na roba mai zane, domin na fata ko na leda mai sulɓi yana zamewa a kan man inji da yashi.

Hanyoyi uku na samun araha

Hanya ta farko ita ce takalmin ma'aikatan masana'anta da masu gini, mai lamba EN ISO 20345. Yana da murfin ƙarfe ko wani abu mai tauri a kan yatsu, kuma yawanci ya fi takalmin babur na musamman sauƙin kuɗi. A zaɓi mai dogon wuya. Aibinsa shi ne kaurin gabansa, wanda kan sa canjin giya wahala, da kuma igiya. Dole a cusa igiyar cikin takalmi, domin in ta maƙale a giya ko matakin ƙafa, mahayi zai tsaya ya kasa sauke ƙafarsa.

Hanya ta biyu ita ce gwanjo. Ana samun kaya masu kyau, amma akwai abin lura. Wani nau'in roba mai kumfa da ake yin tafin takalma da shi yana lalacewa a hankali idan ya daɗe a ajiye cikin danshi, sai a ga takalmi kamar sabo, a taka kwana biyu tafin ya farfashe. A lanƙwasa tafin sosai, a karce shi da farce. In ya tsage, ko yana garin roba, ko yana danƙo, a bar shi komai arahar sa.

Hanya ta uku ita ce dukawanmu. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin jima da ɗinkin fata, kuma dogayen takalman da mahaya dawaki ke sawa a hawan salla shaida ne. Ana iya sa baduku ya ɗinka but da kirgi mai kauri, ya ninka fata a kan idon sawu ciki da waje da kuma inda giya ke gogawa, ya sa tafin roba mai tauri ya ɗinke. Fatar akuya mai laushi ta ado ce, ba ta dace da wannan aiki ba. Irin wannan takalmi ba a gwada shi a ɗakin bincike ba, amma gwaji biyar ɗin nan sun isa su nuna ƙwarinsa. Shi kuwa takalmin danko na damina, ruwa kawai yake hanawa, ba ya riƙe idon sawu, kuma yana saurin fita.

Zafi da kulawa

Babban ƙorafin mahaya shi ne zafi, musamman a bazara. Maganinsa shi ne zaɓar but mai matsakaicin tsawo maimakon mai kaiwa gwiwa, da sa safa mai tsotse gumi a riƙa canza ta kullum. In takalmi ya jiƙe, a cusa masa tsohuwar jarida a shanya a inuwa, domin rana da wuta suna busar da fata ta tsattsage. A lokacin hunturu a riƙa goge ƙura ana shafa masa man takalmi. In zanen tafi ya shafe, a kai wa baduku ya sake wani.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Takalmi, komai ingancinsa, ba ya hana kowace karaya, musamman a gudu mai tsanani, don haka sassauta gudu da sa hular kwano suna nan a matsayinsu. Amma mai auna tsadar but ya kamata ya auna ta da kuɗin ɗori, da makonnin da zai yi a kwance babu sana'a, ga iyali suna jiran cefane. Wanda ba shi da halin sayen na musamman ya fara da but na gama-gari da ya ci gwajin nan biyar, ya kuma tuna cewa wanda ya goya a baya, ko matarsa ce ko ɗansa, ƙafarsa ta fi tasa kusa da salansa da wayoyin taya.