Wace fitila ta dace da akwatin kifin ado?

Mai ajiye kifin ado cikin akwatin gilashi, a Yamai ko Maraɗi, zafi ya kamata ya fara dubawa kafin ya sayi fitila. Galibin waɗannan kifaye sun fi son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 28, ga shi a Afrilu da Mayu iska tana wuce 40. Tsohon ampul mai zare murhu ne ƙarami a saman ruwa, kuma ruwa in ya ɗumama iskar shaƙa tana raguwa cikinsa. Saboda haka LED ta fi: ba ta zafi sosai, ba ta shan kuran, batirin sola ma yana ɗaukarta.

A duba kwali. Farin haske mai 6500 K ya yi kama da na rana. Akwati mai lita 60 da tsirrai masu haƙuri irin Anubias, lumen 1000 ya ishe shi.

Awa 8 a yini ta wadatar. In aka zarce, ko aka ajiye akwatin bakin taga, gansakuka za ta rufe gilashin. Da dare a kashe: kifi ba shi da fatar ido, duhu ne hutunsa.