Ko Ka San Ba Kifi Ake Fara Kiwo a Sabon Akwatin Kifi Ba?

Mutum ya sayo akwatin gilashi, ya shimfiɗa tsakuwa, ya cika shi da ruwa garau, a ranar ya zuba kifayen ado goma. Kafin mako biyu sai su fara tasowa saman ruwa suna haki, ana kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Sai a ɗora laifin a kan mai sayarwa, alhali gubar daga jikin kifin ta fito.

Kifi yana fitar da amoniya, mafi yawa ta tsagar gefen kansa da yake numfashi da ita. Kashinsa da ragowar abinci su ma idan suka ruɓe amoniya suke zama. A kogi ruwa ne ke tafiya da ita, a akwati kuwa ba ta da inda za ta je. Ba ta da launi, shi ya sa hasken ruwa yake yaudarar sabon mai kiwo.

Masu ceton kifin wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani. Kashi na farko suna mayar da amoniya ta koma naitirayit. Ita ma guba ce: tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa. Kashi na biyu su ke juya ta zuwa naitiret, wadda kifi ke jurewa muddin ba ta taru ba. Waɗannan ƙwayoyi ba yawo suke yi a ruwa ba, maƙalewa suke yi a jikin tsakuwa da soson da ke cikin na'urar tace ruwa. Kafin su yi yawan da za su iya aikin, akan ɗauki mako 4 zuwa 6.

To, su ne abin kiwonka na farko. Ka kunna na'urar dare da rana, kana jefa ɗan abincin kifi a akwatin da babu kifi, don ya ruɓe su sami abin ci. Idan kana da abokin da akwatinsa ya daɗe kuma kifinsa lafiya lau, roƙi guntun tsohon sosonsa ka sa a naka, kamar yadda ake zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara don ta kama. Wannan yana rage jira sosai. Sai kayan gwajin ruwa sun nuna babu amoniya babu naitirayit, sannan ka kawo kifi, biyu ko uku, ba garke ba. Ka bar ledarsu a saman ruwan minti 15 zuwa 20 kafin ka sake su, don zafin ruwan ya zo ɗaya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda tsafta kanta take jawo asara. Mutum ya ga soso ya yi baƙi, ya kai shi bakin famfo ya wanke tas, wani ma har da sabulu. Kulorin da ke ruwan famfo yana kashe ƙwayoyin nan, aikin wata guda ya tafi ke nan. Soso a cikin ruwan da ka ɗebo daga akwatin ake matse shi, a hankali. Ruwan kuma ba a zubar da shi duka. Kashi ɗaya cikin huɗu a mako ya isa, kuma sabon a fara sa masa maganin cire kulorin.

Abinci kuwa, abin da za su cinye cikin minti biyu. Kada ka ajiye akwatin inda rana ke dukansa, gansakuka za ta rufe gilashin.

A wajenmu akwai ƙarin matsala: ɗaukewar wuta. Na'ura na tsayawa, ƙwayoyin cikinta sun fara rasa oksijin. Ga shi da bazara ruwa yana ɗumi, ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi. Don haka kafin ka kashe kuɗi a kan fitilar ado, sayi ƙaramin famfon iska mai aiki da batir. Ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ka dakatar da ba su abinci sai na'urar ta koma aiki.