Eriya ta faɗi: abin da ke cin kuɗi wajen sauya ta, da abin da ba sai an saya ba

Iskar farkon damina ba ta barin rufin gida yadda ta same shi. Da safe sai a ga bututun eriya ya lanƙwashe, haƙoranta sun zube a tsakar gida, talabijin kuma ta tsaya a kan rubutun “No Signal”. A yawancin gidaje, matashin da ya fi kowa iya latsa waya shi ake miƙa wa kuɗin a ce ya je ya gyara. A nan asarar take farawa, domin da yawa kan tafi kasuwa su sayo sabuwar eriya, a ɗaura, hoto ya ƙi zuwa, sannan a gano matsalar tana wani wuri daban.

Kuɗin sauya eriya ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kusan duk kayan daga waje ake shigo da su, musamman daga China, don haka farashinsu na bin dala, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin kayan lantarki ya yi tsalle a kasuwanni irin su Sabon Gari a Kano da Alaba a Legas. Abin da ba ya canzawa shi ne jerin abubuwan da ake biya. Wanda ya san jerin, zai san inda za a iya yi masa ƙari da inda zai iya ragewa.

A fara da binciken da ba ya cin ko sisi

Kusan kowace dikoda tana da shafin da ke nuna sigina a cikin saitinta, da layuka biyu: ƙarfi da inganci. Idan duka biyun suna kan sifili, akwai yiwuwar waya ce ta tsinke ko ta fita daga mazauninta. Idan ƙarfi yana sama amma inganci yana ƙasa, yawanci eriyar ce ta juya daga inda ya kamata ta fuskanta, ko ruwa ya shiga waya. Idan lambobin suna hawa suna sauka duk lokacin da iska ta kaɗa, to wani mahaɗi ne ya yi sako-sako.

Gwaji na biyu shi ne aro. A ɗauki dikodar a kai gidan maƙwabcin da tasa ke aiki, a jona a wayarsa. In ta kawo hoto, dikoda lafiyarta ƙalau, matsalar tana tsakanin rufi da bayan talabijin. In ta ƙi, sabuwar eriya ba za ta magance komai ba.

Na uku, a kwance kan wayar da ke shiga dikoda a duba. Idan jan ƙarfen tsakiya ya yi kore ko baƙi, ko ragar da ke zagaye da shi ta koma gari, ruwa ya shiga. Wani lokaci yanke ɗan tsawon da ya lalace da sa sabon kai ya isa, kuma wannan kan shi ne mafi arha a duk kayan aikin.

Inda kuɗin yake tafiya

Eriyar kanta ba ita ce mafi tsada ba a ayyuka da yawa. Wadda aka saba gani, mai sanda ɗaya da haƙora a jere kamar ƙashin kifi, sunanta Yagi. Wasu 'yan Japan biyu, Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi, suka ƙirƙiro ta a 1926, kuma har yau tsarinta bai canza sosai ba. Yawan haƙoran yana ƙara mata jawo sigina daga nesa, amma yana sa ta buƙaci a saita ta daidai. Gidan da ke cikin gari kusa da turken watsa shirye-shirye ba ya buƙatar doguwa, ƙarama ta wadatar. Gidan da ke bayan gari ko bayan dutse ne ke buƙatar babba.

Waya ce abin da aka fi rainawa. Wadda ta dace ita ce RG6, kuma ko mai kyau ce tana shanye sigina: a zangon UHF, kusan rabin ƙarfin yana ɓacewa a duk mita 15 zuwa 20. Don haka barin rarar waya a naɗe a bayan talabijin asara ce sau biyu, ta kuɗi da ta sigina. Lokacin saye a nemi a fere ɗan bakin wayar a gani. Mai kyau tana da raga mai kauri da takardar alminiyom a ƙarƙashinta. Mai arha ragarta ba ta wuce 'yan silallai, kuma robarta kan tsattsage bayan rani ɗaya ko biyu a rana. Ana iya kara maganaɗisu a ƙarfen tsakiya: in ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Irin wannan yana ɗaukar sigina, sai dai yana saurin tsatsa da zarar ruwa ya taɓa shi.

Sai bututun da za a ɗora eriyar, da maɗauransa, da wayoyin da za su riƙe shi ta ɓangare uku. Gora ta fi arha, amma ita ce ke sa a sake kashe kuɗi baɗi. Bututun ƙarfe mai rufin da ba ya tsatsa ya fi tsada a ranar farko, sai dai yakan daɗe. Tsawonsa ma lissafi ne: abin da ake nema shi ne eriya ta haura rufin maƙwabta da bishiyoyi, duk abin da ya wuce haka ƙarin nauyi ne ga iska.

Busta ita ce wadda masu shago suka fi son haɗa wa mai saye. Aikinta ƙara ƙarfin abin da eriya ta riga ta kamo, har da hayaniyar da ke cikinsa. Tana da amfani idan waya doguwa ce, ko za a raba wa ɗakuna, domin na'urar da ke raba waya gida biyu tana bai wa kowane ɗaki ƙasa da rabin siginar. Amfaninta ya fi fitowa idan an ɗaura ta a sama kusa da eriya. A gidan da ke kusa da turke kuwa, busta na iya cika dikoda da ƙarfi har hoto ya ɗauke gaba ɗaya.

Na ƙarshe kuɗin aiki. Mai gyara yana duba tsayin gini, da irin rufin, da ko bene ne. Ya kamata a raba kuɗin kaya da kuɗin aiki tun wajen ciniki, a kuma yarda cewa ba a kammala biya sai an ga lambar inganci ta tsaya cak a kan allo.

Babu wata eriya mai suna “dijital”

A shagunan intanet ana tallar ƙananan eriyoyi masu rubutun 4K ko HD, wasu har da alƙawarin kamo tashoshi daga nisan ɗaruruwan kilomita. Eriya ƙarfe ce kawai da aka yanka daidai da tsawon zangon da ake so ta kama, ba ta san bambancin analog da dijital ba. Siginar UHF kuma kusan a miƙe take tafiya, lanƙwasar duniya da duwatsu suna tare ta, saboda haka babu eriyar ɗaki da za ta kamo turken Kaduna daga Sakkwato.

Abin da ke da muhimmanci shi ne zango. Tsofaffin tashoshi da yawa a VHF suke, kamar yadda sunayen NTA Channel 5 da Channel 10 na Legas ke nunawa. A 200MHz tsawon zango mita ɗaya da rabi ne, shi ya sa haƙoran tsofaffin eriyoyi ke kai kusan santimita 75. Shirye-shiryen dijital a UHF ake watsa su, inda a 600MHz zangon rabin mita ne, haƙora kuma kusan santimita 25. Wanda tsohuwar eriyarsa mai dogayen haƙora ce, sauya ta yana da dalili. Wanda tasa ta UHF ce kuma ba ta karye ba, babu abin da sabuwa za ta ƙara masa.

Akwai bambanci ɗaya da ke rikita mutane. A zamanin analog, sigina mai rauni kan kawo hoto mai yayyafi, amma ana kallo a haka. A dijital ko dai hoto ya fito tas, ko ya daskare ya ɗauke. Shi ya sa eriyar da ta yi shekaru ana lallaɓawa da ita take zama kamar ta mutu ranar da aka jona dikoda.

Dogon jiran komawa dijital

A 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka amince a Geneva, ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya ITU, cewa za a bar analog a zangon UHF zuwa 17 ga Yunin 2015. Najeriya ba ta cika wannan wa'adi ba. An ƙaddamar da gwajin farko a Jos ranar 30 ga Afrilun 2016, lokacin Lai Mohammed yana ministan yaɗa labarai. Abuja ta biyo baya a Disambar wannan shekarar, Kaduna da Ilorin a 2017, Enugu da Osogbo a 2018, sai Legas da Kano a 2021. Sunan tsarin FreeTV, an ƙaddamar da shi da fasahar DVB-T2, kuma a lokacin yana buƙatar dikodarsa da kuɗin shekara.

Kafin gwamnati ta kai ga haka, 'yan kasuwa sun riga sun shiga. StarTimes ya fara a 2010 da haɗin gwiwar NTA, GOtv na kamfanin MultiChoice ya zo a 2011, dukansu ta eriya ake kama su kuma ana biya duk wata. Talabijin ta zamani mai DVB-T2 a cikinta tana iya kama tashoshin da ba a kulle ba, amma ba za ta buɗe na kuɗi ba sai da dikodar kamfanin. Saboda haka tambayar farko kafin saye ita ce: wane turke ne yake kaiwa unguwar? Amsar tana kan rufin maƙwabta. Inda yawancin eriyoyi suka fuskanta, can turken yake. Unguwar da kowa ya koma dish kuwa, ta riga ta ba da amsa.

Wannan sauyi ya shafi wayar hannu kai tsaye. Dijital na cusa tashoshi da yawa a gurbin da analog ɗaya ke cinyewa, sai gurbin 700MHz da 800MHz ya koma hannun kamfanonin waya don 4G. A 2015 hukumar NBC ta ba MTN lasisin 700MHz. Illar ita ce, tsohuwar eriya ko busta da aka ƙera don kama har saman 800MHz tana iya jawo siginar turken waya da ke kusa ta dagula hoto. Maganin ƙaramar matata ce ta LTE da ake sawa kafin busta, kuma wasu sababbin eriyoyi da ita suke zuwa.

Eriya, dish ko data?

Matashi na iya cewa me ya sa za a wahala da rufi alhali komai yana waya. Lissafi ne zai ba da amsa. Netflix ya ce kallon sa'a ɗaya na iya cin har 1GB a matsakaicin hoto, har 3GB a HD. Gidan da ke kallon sa'a uku kullum ya yi sa'a 90 a wata, wato har 90GB ko da ba a taɓa HD ba. A Janairun 2025 kuma NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Sigina ta eriya ba ta ƙarewa, kuma ko mutum goma ne a falo kuɗin ɗaya ne.

Dish na kyauta ya fi tsada a ranar ɗaurawa, domin akwai faranti da idonsa da risiba da mai saiti, amma babu kuɗin wata, kuma yana aiki a ƙauyen da turke bai kai ba. Ta nan gidaje da yawa suka fara kallon Arewa24 bayan buɗe ta a 2014. Rauninsa shi ne ruwan sama mai ƙarfi yana ɗauke hoto. Hanya mai sauƙi ta kwatantawa ita ce a tara kuɗin ɗaurawa da kuɗin wata 12 na kowane zaɓi, a ajiye su gefe da gefe. Wanda ya fi arha a ranar saye sau da yawa shi ne mafi tsada a ƙarshen shekara.

Kuɗin da ba a tsimi a kansa

Haɗarin da ya fi kowane girma a wannan aiki shi ne wayar wutar lantarki. Bututun ƙarfe mai tsawo idan ya suɓuce ya taɓa wayar da ta ratsa gefen gida, wanda ke riƙe da shi ne zai karɓi wutar. Rashin wuta a unguwa ba kariya ba ce, ana iya dawo da ita kowane lokaci. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce nisan bututu da wayar wuta ya ninka tsawon bututun da eriyarsa sau biyu. In wurin bai kai haka ba, a canza wuri.

Ba a hawa rufin kwano yana jiƙe, ba a hawa hadari na haɗowa, kuma ba a hawa ba tare da wani a ƙasa yana riƙe tsani ba. Bututu yana buƙatar waya mai kauri da za ta sauka zuwa sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa, don rage ɓarnar tsawa. Duk da haka, idan aka fara walƙiya, zare wayar eriya da filogin talabijin ya fi komai tabbas.

Kafin mai gyara ya sauko, a tabbatar ya naɗe mahaɗin sama da tef mai hana ruwa, ya kuma bar wa wayar ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango, domin ruwa ya ɗiga a waje maimakon ya bi ta zuwa dikoda. Sannan a ɗauki hoton shafin sigina da waya a ajiye. Ranar da iska ta sake kaɗawa, wannan hoton ne zai nuna ko juya eriyar kawai ake buƙata ko da gaske sai an koma kasuwa.