Yadda Ake Sa wa Ƙaramar Mota Ruwan Sheƙi

A birnin Shizuoka na ƙasar Japan, inda kamfanin Tamiya yake, ana ƙera ƙananan motoci na roba waɗanda tsawon kowace bai wuce kashi ɗaya cikin 24 na tsawon motar gaske ba, ana sayar da su gunduwa-gunduwa a cikin kwali, domin mai sha'awa ya harhaɗa da hannunsa, ya yi musu fenti. Ɗaya daga cikin matakan da suka fi wuya a wannan fanni shi ne fesa wani ruwa garai-garai marar launi a bisa fentin, wanda idan ya bushe sai jikin motar ya riƙa ɗaukar ido tamkar madubi.

Asirin al'amarin yana ga tsinkawa. Ruwan yakan zo da kauri a kwalba, kamar X-22 na Tamiya ko GX100 na Mr. Hobby, saboda haka wajibi ne a gauraya shi da tina, galibi awo ɗaya da awo ɗaya, wani lokaci tina ta kai awo biyu, har ya koma kamar madara. Hikimar kuwa ita ce, sheƙi ba ya samuwa sai ɗigon da ya fito daga bakin bindigar feshi ya isa jikin motar da danshinsa, ya haɗu da 'yan'uwansa, su kwanta su daidaita kafin tinar ta tashi. Idan kauri ya yi yawa, ko aka nisanta hannu, sai ɗigon ya bushe a iska, jikin ya fito da gurji-gurji irin na ɓawon lemo. Idan kuwa tina ta rinjaya, sai ruwan ya zubo kamar hawaye, ya taru a gindin ƙofa. Don haka ne nake fifita tinar da aka sa wa sinadarin jinkirta bushewa, irin Mr. Color Leveling Thinner, musamman ga wanda yake aiki a wuri mai zafi.

Akan saita iska tsakanin 15 da 20 a ma'aunin psi, a riƙe bindigar kimanin santimita 10 zuwa 15 daga jikin motar. Feshi na farko da na biyu yayyafi ne kawai, ana ba da tazarar minti goma a tsakani, kuma faidarsu babba ce, domin su ne garkuwar fentin da ke ƙasa da 'yan tambarin da aka manna, waɗanda tina mai zafi takan cinye. Bayan haka ne ake yin feshi mai jiƙa, hannu yana tafiya a natse daga wannan gefe zuwa wancan, ido yana bin hasken fitila a jikin motar, a tsaya da zarar an ga sheƙi ya bayyana.

Akwai ƙa'ida guda da ba a saɓa mata: ba a ɗora ruwan sheƙi mai zafin tina a kan fentin mai, don zai narkar da shi ya yamutse. Laima kuma takan sa ruwan ya yi fari-fari kamar hazo, ƙura ta manne, shi ya sa ake kifa kwali a kan motar da an gama. Lalle ne kuma a rufe hanci da takunkumi mai tace tururi, a buɗe taga, balle ga mai amfani da ruwan sheƙi mai haɗi biyu na masu fentin manyan motoci, wanda illarsa ga huhu tabbatacciya ce.

Sai a bar motar kamar mako guda ta taurare sarai. Daga nan a jiƙa samfefa mai laushi, a fara da lamba 2000 a hau zuwa sama, ana sassauta hannu a kan kusurwoyi inda ruwan ya fi sirantaka, sa'an nan a goge da man gogewa da tattausan ƙyalle har mutum ya ga fuskarsa a rufin motar.