Harouna Doula: Kocin gida da ya kai Mena inda ba ta taɓa zuwa ba

A majalisun shan shayi na Tanut da Balbeji, da zarar hira ta gangaro kan ƙwallon ƙafa, akwai shekarar da ba a rasa ambata: 2011. A shekarar ce aka cire Balbeji daga Tanut aka mayar da ita gunduma mai cin gashin kanta. A shekarar ce kuma ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, Mena, ta samu gurbin shiga gasar cin kofin nahiyar Afirka karon farko a tarihin Nijar.

Mutumin da ya ja ragamar ƙungiyar a lokacin ɗan ƙasa ne, Harouna Doula Gabde. Tarihin aikinsa ya bar wata tambaya da ta shafi duk mai horar da yara a filin unguwa, daga Yamai har Damargu: idan ɗan gida ya yi abin a zo a gani, me ya sa ake saurin neman baƙo ya karɓi aikin?

Yamai, gidan da ba a shiga a fita lafiya

Doula ya karɓi Mena a 2009, lokacin da ba a lissafa Nijar cikin ƙasashen da ake tsoro a fagen tamaula. Da aka raba rukunan neman gurbin gasar Afirka ta 2012, sai Nijar ta faɗa rukuni ɗaya da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Masar ce ke riƙe da kofin, kuma ta ɗauke shi sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Afirka ta Kudu kuwa ba ta daɗe da karɓar baƙuncin gasar cin kofin duniya ba. Masu sharhi sun riga sun ajiye Nijar a ƙasan teburi tun kafin a busa usur.

Wasan farko ya yi kamar zai gaskata su, domin Afirka ta Kudu ta doke Mena da ci 2 da nema a watan Satumban 2010. Amma a watan Oktoba, a filin wasa na Janar Seyni Kountché da ke Yamai, Moussa Maazou ya zura ƙwallo ɗaya tilo a ragar Masar, aka tashi 1 da nema. Daga nan filin ya zama tarko. Saliyo ta zo a watan Maris na 2011 ta sha kashi 3 da 1. Afirka ta Kudu ta zo a watan Satumba ta koma gida da 2 da 1.

Sai dai a waje labarin ya sha bamban. Mena ta buga wasa uku a ƙasashen abokan karawarta, ta sha kashi a dukansu, ba ta ci ko ƙwallo ɗaya ba. Wannan rauni shi ne hujjar da masu sukar Doula suka riƙe daga baya.

Daren da aka yi rawa a banza

Ranar 8 ga Oktoban 2011 aka buga wasannin ƙarshe na rukunin. A birnin Alƙahira, Masar, wadda ta riga ta fita daga lissafi, ta lallasa Nijar 3 da nema. A Nelspruit kuwa, Afirka ta Kudu ƙarƙashin koci Pitso Mosimane ta tashi canjaras babu ci da Saliyo. 'Yan wasanta suka hau rawa da murna a fili, suna zaton yawan ƙwallaye ya ba su gurbin.

Ashe ba su karanta dokar gasar da kyau ba. Ƙasashe uku ne suka ƙare da maki 9 kowace: Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Dokar hukumar CAF ta ce idan aka yi kunnen doki a maki, sakamakon wasannin da ƙasashen suka buga tsakaninsu ake fara dubawa. A wannan lissafi Nijar na da maki 6, sauran biyun kuma 5 kowace. Haka Mena ta wuce, duk da cewa ƙwallo 6 ta ci aka zura mata 8.

A watan Disamban shekarar, a bikin karrama gwarzayen CAF da aka yi a Accra, an bayyana Doula a matsayin gwarzon kocin Afirka na 2011. A daren ne Yaya Touré ya karɓi kyautar gwarzon ɗan wasan nahiyar karon farko.

Wasa ɗaya, aka karɓe alƙalami

Kafin a tafi gasar da Gabon da Equatorial Guinea suka shirya a farkon 2012, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, FENIFOOT, ta ɗauko Bafaranshe Rolland Courbis, tsohon kocin Marseille da Bordeaux, a matsayin mai ba da shawara. A wasan farko a Libreville, Gabon mai masaukin baƙi ta doke Mena 2 da nema, Pierre-Emerick Aubameyang na cikin waɗanda suka ci. Bayan wannan wasa ɗaya sai aka miƙa wa Courbis ragamar ƙungiyar, gwarzon kocin Afirka ya koma gefe, wata guda kacal da karɓar kyautarsa.

Canjin bai kawo maki ba. Tunisiya ta yi nasara 2 da 1 da ƙwallon da ta ci daf da tashi, a wasan da William N'Gounou ya ci wa Nijar ƙwallonta ta farko a tarihin gasar. Maroko ta ƙara da 1 da nema. Mena ta dawo gida ba maki ko ɗaya, Courbis ma bai daɗe ba ya yi gaba.

Gaskiya ɗaya ce, ba duk baƙon koci ne ya tafi hannu rabbana ba. Bajamushe Gernot Rohr, wanda shi ne kocin Gabon ranar da ta doke Nijar, ya karɓi Mena a 2012, ya fitar da Gini, ya kai ƙungiyar gasar 2013 a Afirka ta Kudu. A can ta samu makinta na farko bayan canjaras da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Amma yawancin 'yan wasan da Rohr ya yi aiki da su waɗanda Doula ya haɗa ne. Tun daga 2013 kuma Nijar ba ta sake zuwa gasar ba, duk da masu horarwa na waje da aka yi ta ɗaukowa.

Ya dawo da 'yan wasan gida

Inda hannun Doula ya fi fitowa fili shi ne gasar CHAN, wadda 'yan wasan da ke buga lig a ƙasashensu kaɗai ke shiga. A nan babu ɗan wasan da za a kira daga Turai ya rufa asiri. Abin da ƙungiyoyin gida suka raina shi koci zai yi aiki da shi. Ƙarƙashinsa Nijar ta fitar da Najeriya a wasannin neman gurbin gasar 2011, ta je Sudan ta kai zagayen ƙasashe takwas, inda mai masaukin baƙi ta cire ta a bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Ya sake jan ragamar ƙungiyar a gasar da aka buga a Aljeriya a watannin Janairu da Fabrairun 2023. Mena ta tashi babu ci da Kwango, ta doke Kamaru 1 da nema, sannan ta fitar da Ghana da ci 2 da nema, ta kai wasan kusa da na ƙarshe karon farko. A can Aljeriya ta yi mata ruwan ƙwallaye 5 da nema, Madagaska kuma ta doke ta 1 da nema a wasan neman na uku. Duk da haka, matsayi na huɗu shi ne mafi girma da Nijar ta taɓa kaiwa a gasar. Daga bisani, babbar ƙungiyar ƙasa ta koma hannun ɗan Maroko Badou Zaki.

Abin da ya shafi Damargu

Nasarorin Doula sun tsaya ne kan abu biyu: filin gida da 'yan wasan gida. Na farkon ya yi rauni a shekarun baya-bayan nan, domin Mena ta buga wasanninta na gida da dama a ƙasashen waje, musamman Maroko, saboda filin Yamai bai cika sharuɗɗan CAF ba. Ƙungiyar da 'yan kallon Yamai suka taimaka mata ta kayar da Masar ta koma karɓar baƙi a gaban kujeru wayam.

Na biyun kuma shi ne ya fi shafar yankuna irin Damargu. Manyan ƙungiyoyin lig na Nijar yawancinsu a Yamai suke. Yaron da ke buga ƙwallo a kan yashi a Tanut, a kan hanyar Damagaram zuwa Agadas, ko a Balbeji, sai ya yi doguwar tafiya kafin idon mai zaɓen 'yan wasa ya sauka a kansa. Wanda zai fara ganinsa malamin motsa jiki ne na makaranta, ko tsohon ɗan wasan unguwa da ke tara yara da yamma ba tare da albashi ba. Kocin da aka ɗauko daga waje da kwangilar shekara biyu ba shi ne zai bi wannan hanya ba.

Mutanen jihar Damagaram sun san wannan darasi daga kokawa. Jihar da ta fitar da sarakunan kokawa irin su Langa-Langa da Balla Harouna ba daga waje take ɗauko masu shirya 'yan kokawarta ba. Ana fara zaɓe ne tun daga gundumomi, tsofaffin 'yan kokawa su tace, kafin a fitar da waɗanda za su je neman takobi. Shi ya sa ɗan ƙauye ke iya zama sarkin kokawar ƙasa.

Ƙwallon ƙafa ba ta da irin wannan tsani mai ƙarfi a karkara, kuma masu horarwa na gida ne kaɗai za su iya gina shi. Su kuwa suna kallon yadda aka yi da wanda ya fi su duka suna: aka ba shi kyautar nahiya a Disamba, aka karɓe ƙungiyarsa a Janairu. Muddin ba a sauya wannan ɗabi'a ba, zai yi wuya a shawo kan matashin da ya rataye takalmansa a Tanut cewa aikin horarwa sana'a ce da za ta kai shi wani wuri.